Wayar Dish da Wayar Intanet: Wacce Ta Dace a Binne a Bango?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina ginin gida mai ɗakunan kwana huɗu da falo biyu, an riga an yi rufi, kuma magina sun ce nan ba da daɗewa ba za a fara filasta. Mai wayarin ya rubuto mini kayan da zan sayo, a ciki har da wayar dish da wayar intanet, amma da na shiga kasuwa sai na tarar da su iri-iri. A ɓangaren dish akwai RG59 da RG6 da RG11, a ɓangaren intanet kuma akwai Cat5e da Cat6 da Cat7, farashinsu ya yi nisa da juna ƙwarai. Wani abokina ya ce kada in ɓata kuɗina, tunda yanzu komai ya koma waifai. Don Allah wacce zan saya, kuma shin abokin nawa yana da gaskiya?
Daga wani magidanci a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a kammala lafiya, ya sa gida ne mai albarka. Tambayarka ta zo a kan kari, domin tsakanin rufi da filasta shi ne lokacin da aikin waya ya fi sauƙi da araha. Da zarar an shafe bango, an yi fenti, an ɗaura silin, duk wayar da aka manta ba za ta shiga ba sai da fasa gini, ko kuma a bar ta tana bin saman bango ana danne ta da ƙusa. Shawarata ita ce ka sayi RG6 domin dish da eriya, ka sayi Cat6 domin intanet da kyamarorin tsaro, ka tabbatar ƙarfen da ke cikinsu jan ƙarfe ne zalla, sannan a zura su cikin bututun roba kafin a rufe bango. Amma tunda guminka za ka fitar, ya kamata ka san dalilin kowanne.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta duba irin ginin da muke yi ba. Gidajenmu na bulo ne da siminti, benaye kuma akwai kankare da rodi a tsakaninsu, waɗannan kuwa suna cinye siginar waifai sosai, musamman mai gigahaz 5, wadda ta fi sauri amma ba ta kai mai gigahaz 2.4 iya ratsa bango ba. Shi ya sa za ka ga an ajiye rauta, wato na'urar da ke watsa waifai, a falon maigida, amma a sashen uwargida sai an tsaya bakin ƙofa kafin saƙo ya fita. Maganin wannan shi ne a ƙara na'urar waifai ta biyu ko ta uku a silin, kuma waya ce za ta ciyar da su. Haka nan abubuwan da ba sa motsi, irin su talabijin da kwamfutar tebur da kyamara, sun fi samun natsuwa a kan waya, su kuma bar wa wayoyin hannu sarari. Dish kuwa ba ya aiki sai da wayarsa.

Wayar dish, wadda masana ke kira kowaksiyal, idan ka yanka ta za ka ga sili ɗaya na ƙarfe a tsakiya, farin kumfa ya kewaye shi, sai siririyar takardar alminiyam, sai saƙar ƙarfe, sannan rigar roba a waje. Silin tsakiya ne ke ɗauke da sigina, takardar da saƙar kuma su ne garkuwar da ke hana hayaniyar waje shiga. Duk kayan talabijin na gida an ƙera su ne a kan om 75 (om ma'aunin turjiyar waya ne), saboda haka ka duba jikin wayar ka ga wannan lamba. Akwai wata mai suna RG58 da ke kama da su a ido, amma ita om 50 ce, ta aikin rediyon sadarwa ce, kada a haɗa maka da ita.

Bambancin ukun da ka gani yana ga kaurin silin, da kuma yawan siginar da ke zubewa a hanya. Silin RG59 bai wuce milimita 0.8 ba, na RG6 kimanin milimita 1 ne, na RG11 kuwa ya kai milimita 1.6. Siginar da ke saukowa daga kan dish zuwa rasiba tana tafiya ne a tsakanin megahaz 950 da 2150, kuma ƙa'idar ita ce gwargwadon hawan wannan lamba gwargwadon asarar da ake yi a cikin waya. A megahaz 1000, a kan tsawon mita 100, RG59 tana zubar da desibel 26 ko fiye, RG6 kimanin 21, RG11 kuma kimanin 14. Kada ka raina tazarar, domin kowane desibel 3 yana nufin rabin ƙarfin siginar ya tafi. Don haka RG59 ba ta dace da dish ba. Aikin da ya rage mata shi ne tsofaffin kyamarorin tsaro. RG11 kuwa tana da tsada, tana da taurin da ke wahalar da lanƙwasawa a kusurwar bango, kuma kawunanta daban ne, ba kowane shago ake samun su ba. Ba ka buƙatarta sai idan dish ɗin yana can nesa, mita 60 ko 70 daga gida. A gida irin naka RG6 ta wadatar.

Game da garkuwa, RG6 mai takarda ɗaya da saƙar da ta rufe kashi 60 cikin 100 ta isa yawancin gidaje. Akwai mai garkuwa huɗu, wato takarda biyu da saƙa biyu, wadda ke da amfani idan gidan yana daf da turken kamfanin waya, saboda wasu layukan 4G suna aiki a kusa da megahaz 700 da 800, maƙwabtan tashoshin da ake kamawa da eriya irin ta GOtv da StarTimes. In ka zaɓe ta, ka sayi kawunan da aka yi dominta, don ta ɗan fi kauri. Abin da ya fi damuna a kasuwa shi ne wayar da idan an feɗe ta sai a ga 'yan silalan saƙa jefi-jefi, har ana iya ƙirga su. Irin wannan ko kyauta aka ba ka kada ka binne ta.

Ita kuma wayar intanet sili takwas ce, an murɗe su biyu-biyu, kuma wannan murɗin shi ne kariyarta daga hayaniya. Cat5e tana kai megahaz 100, tana ɗaukar saurin intanet na gigabit 1 har mita 100, kuma tun shekarar 2016 aka fitar da ƙa'idar da ta ba ta damar ɗaukar gigabit 2.5. Cat6 tana kai megahaz 250, silinta yakan ɗan fi kauri, galibi akwai robar da ta raba murɗin huɗu a tsakiya, kuma tana iya ɗaukar gigabit 10 idan tsawon bai wuce kimanin mita 55 ba. A gida mai ɗaki huɗu da wuya a sami layin da ya kai haka. Intanet ɗin da ake kaiwa gidaje a Najeriya yanzu, ko ta wayar gilashi ce, wato faiba, ko ta 5G, ko ta Starlink da ya fara aiki a ƙasar a farkon 2023, ko Cat5e ta gaske za ta ɗauke shi ba tare da gajiya ba. Dalilin da ya sa na ce Cat6 shi ne bambancin kuɗin ba shi da yawa idan aka kwatanta da kuɗin ginin, gidan kuma shekaru masu yawa zai yi, in Allah ya yarda.

Cat7 ce ba na so ka kashe kuɗi a kanta. Ta gaske tana kai megahaz 600, kowane murɗi da garkuwarsa, amma an tsara ta ne da wasu kawuna na musamman waɗanda ba su ne RJ45 da ke jikin rauta da kwamfuta ba, kuma ƙungiyar TIA ta Amurka, wadda ƙa'idojinta na wayar gini suka fi yaɗuwa, ba ta taɓa sanya ta a jerinta ba. Da zarar an matse mata kan RJ45 na gama-gari, fifikon da aka biya kuɗi dominsa ya tafi. Ga shi kuma waya mai garkuwa sai an haɗa garkuwar da ƙasa yadda ya kamata kafin ta yi amfani, abin da ba kasafai ake kula da shi a gidaje ba. Wanda ke son abin da ya fi Cat6 da gaske, Cat6A zai nema, mai megahaz 500, mai ɗaukar gigabit 10 har mita 100, sai dai tana da kauri, tana cika bututu da wuri.

Yadda za a shimfiɗa wayoyin ya fi lambar da ke jikin kwali muhimmanci, don haka a nan nake so ka zauna da mai wayarin ku yi magana sosai. Ku zaɓi wuri ɗaya a tsakiyar gida, mai iska, mai soket, kusa da layin inbata idan za ka sa sola, ya zama nan ne mahaɗa. Daga nan kowane ɗaki a ja masa tasa wayar kai tsaye. Ba a yi wa wayar intanet irin haɗin wayar wuta, wato a shiga wannan ɗaki a fita zuwa na gaba, kuma ba a yi mata ƙari a tsakiya a naɗe da salatif. Bayan kowane talabijin a kai RG6 ɗaya da Cat6 ɗaya, a babban falo kuwa a ninka su. A kai Cat6 silin koridon kowane sashe domin na'urar waifai, a kai kusurwoyin gida da bakin get domin kyamara, ko da ba yanzu za a saya ba. Daga inda za a kafa dish zuwa mahaɗar a ja RG6 huɗu, da ta biyar domin eriya. A rubuta wa kowace waya sunan ɗakinta a bakinta biyu, domin bayan shekara biyu ba wanda zai tuna.

Bututun ya zama mai milimita 25 inda wayoyi za su wuce biyu, kada a cika shi ya haura kashi 40 cikin 100, a rage kusurwoyi masu tsini, a kuma bar igiyar ja a ciki saboda gaba. Kada wayar intanet ko ta dish ta shiga bututu ɗaya da wayar wuta, saboda hayaniya da kuma haɗari. A raba su da kamar santimita 20 zuwa 30 idan suna tafiya a jere, inda ya zama dole su haɗu kuma su gitta juna. A cikin silin ma a sa bututu, domin ɓera ba ya barin waya tsirara. Wajen ja a bi a hankali: Cat6 ba ta son lanƙwasar da ta fi ninki huɗu na kaurinta matsewa, RG6 kuma ninki goma, kuma wayar da ta karye ta yi gwiwa ta riga ta sami rauni ko da an miƙe ta.

Akwai kuma batun zafi, wanda ya shafe mu fiye da ƙasashen da aka rubuta ƙa'idojin. Iyakar da aka sani ita ce mita 90 a cikin gini da mita 10 na gajerun wayoyin da ake sokawa a na'ura, jimilla 100, amma an yi wannan lissafi ne a kan zafin digiri 20. A digiri 40 mita 90 ɗin takan koma kimanin 84, a digiri 60 kuma kimanin 75. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin silin a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san wace lamba ce ta fi kusa da mu. Layukanka gajeru ne, wannan ba zai dame ka ba, amma a sa bututun ya kwanta a ƙasa-ƙasa kusa da silin, a nisanta shi da kwano.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni sabon shiga ne a sana'ar haɗa kyamarori da intanet. Nakan ga kwali biyu, duka an rubuta Cat6, mita 305, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Masu gida kuma mai arahar suke zaɓa, in aiki ya lalace ni ake zagi. Yaya zan gane ta ƙwarai, kuma me zan gaya wa mai gida?
Daga wani matashi a Jos

AMSA: Allah ya yi wa sana'a albarka, ƙanena. Abin da ka gani shi ne babbar matsalar wannan kasuwa, kuma ya fi zaɓi tsakanin Cat5e da Cat6 nauyi nesa ba kusa ba. Mai arahar galibi alminiyam ce aka yi wa siririn shafen jan ƙarfe, wadda ake taƙaita sunanta da CCA. Kyan ɗan maciji gare ta: a ido ja ce tas, a ranar da aka haɗa ta tana aiki, har ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas ta nuna komai daidai, domin ita wannan na'ura jeren silalan kawai take dubawa. Amma ƙa'idar TIA ba ta yarda a kira irin wannan waya Cat5e ko Cat6 ba, kome aka buga a kwalinta.

Illarta uku ce, kuma ta ukun ta fi shafar aikinka. Alminiyam yana da gautsi, yana karyewa wajen ja ko wajen matse kai. Yana kuma yin wata farar tsatsa a inda aka yanke shi, sai haɗin ya riƙa saki bayan watanni. Sannan turjiyarsa ga wutar lantarki ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Kyamarorin zamani da na'urorin waifai na silin ta cikin wayar intanet ɗin suke shan wutarsu, tsarin da ake kira PoE, wanda ya fara da wat 15.4 a 2003, ya kai wat 30 a 2009, ya kai har wat 90 a 2018. Idan turjiya ta yi yawa, wutar tana raguwa kafin ta isa, sauran kuma ta zama zafi a cikin bango. Alamar da za ka gani ita ce kyamarar da ta fi nisa tana aiki lafiya da rana, amma da dare, lokacin da fitilunta na ganin duhu suka kunna suka ƙara jan wuta, sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. A daidai lokacin da aka fi buƙatarta ke nan.

Ganewa ba ta da wuya. Ka feɗe sili ɗaya ka kankare shi da wuƙa: jan ƙarfe ja ne har ciki, na jabu kuwa fari zai bayyana. Ka kara masa wutar laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyam zai yi laushi ya langaɓe nan take. Ka ɗaga kwalayen biyu, domin nauyin alminiyam bai kai kashi ɗaya cikin uku na jan ƙarfe ba, kuma a kwalin Cat6 na gaske jan ƙarfen kaɗai ya haura kilo 5. In kana da na'urar auna turjiya kuma kana iya kaiwa ga bakin wayar biyu, auna sili ɗaya: a kwali mai mita 305 ya kamata ka ga tsakanin om 20 da 28, abin da ya doshi 40 kuwa akwai magana. Ka duba lambobin tsawo da aka buga a jikin rigar, don wani kwalin ba ya cika mita 305 ɗin. Ka yi wannan gwaji a gaban mai gida, ka bar shi ya kankare da hannunsa, sannan ka rubuta a takardar aiki irin wayar da ya zaɓa.

Sauran kuma yana hannunka. Wayar cikin bango mai sili guda-guda ce, wurinta soket ɗin bango. Mai silala masu laushi ta gajerun wayoyi ce. Kada ka warware murɗin ya wuce milimita 13 a bakin haɗi. Ka riƙe tsarin launi ɗaya a gidan gaba ɗaya, wanda aka fi bi kuwa shi ne T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kuma kada ka raba waya ɗaya gida biyu don ka ciyar da soket biyu, domin megabit 100 ne ke iya tafiya a kan sili huɗu, gigabit sai da takwas ɗin duka. Duk layin da ka ga ya maƙale a 100, fara duba kawunansa.

TAMBAYA: Muna da dish ɗaya na tashoshin kyauta, sai muka sa aka raba wayarsa zuwa ɗakin yara. Tun daga lokacin, in an kunna rasiba biyun wasu tashoshi sai su ɓace a ɗaya. Da damina kuma hoton yakan daddatse ko da ba a ruwa. Mai gyara ya ce rasibar ce, mun canja, ba ta canja zane ba.
Daga wata uwargida a Maraɗi

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri, rasibarki ta farko wataƙila lafiyarta ƙalau. Wayar dish sigina take saukowa da ita, amma kuma tana hawa da wuta daga rasiba zuwa na'urar da ke gaban farantin, wadda ake kira LNB. Da wannan wuta rasiba ke gaya mata rukunin tashoshin da take so: bolt 13 rukuni ɗaya, bolt 18 wani rukunin, sannan akwai wani sauti mai kilohaz 22 da ke zaɓar ɓangaren sama ko na ƙasa na zangon siginar, rukuni huɗu ke nan. LNB mai baki ɗaya rukuni ɗaya take iya bayarwa a lokaci guda. Idan aka raba wayar, ke kina neman tashar da ke kan 13, yara suna neman ta kan 18, dole ɗaya ya rasa, ga kuma asarar fiye da rabin sigina da ƙarfen rabawar ke jawowa. Rabawa irin wannan tana yi a kan eriya, amma a kan dish maganin shi ne a sayi LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace rasiba a ja mata wayarta tun daga farantin.

Wannan wuta ita ce kuma dalilin da ya sa nake fifita RG6 mai jan ƙarfe zalla. Da yawa daga cikin na kasuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ga sigina kaɗai wannan ba laifi ba ne, saboda a saman silin tsakiya take gudu, amma wutar LNB da dukan kaurinsa take amfani, turjiyar baƙin ƙarfen kuwa ta ninka ta jan ƙarfe sau huɗu ko fiye. A gajeren layi ba a ganin bambanci, a dogo kuwa bolt 18 na iya raguwa har tashoshin rukuninsa su ɓace. Maganaɗisu ne alƙali a nan: in ya kama silin tsakiya, baƙin ƙarfe ne.

Daddatsewar hoto lokacin da ake tafka ruwa abu ne da aka saba, ruwan saman ne ke tare sigina. Amma in tana faruwa sama tana garau, to ruwa ya shiga wayar. A hau a kwance kan da ke jikin LNB a duba. In an ga tsatsa, ko kore-kore, ko saƙar ta yi baƙi, a yanke har inda wayar ta koma sabuwa, in ɓarnar ta yi nisa a canja ta duka. A sa kai irin wanda ake matsewa da na'ura maimakon na murɗawa da hannu, a naɗe shi da robar da ke manne wa kanta. Wayar da ke waje ta zama mai baƙar riga da aka yi domin rana, don farar takan tsattsage. Kafin ta shiga bango a sa ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa ta dawo sama, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗige a waje.

TAMBAYA: Ina so in kai intanet da kyamara daga babban gida zuwa sashen baƙi da ɗakin mai gadi, tazarar kamar mita 70 a cikin fili ɗaya. Zan iya jan Cat6 ta saman katanga?
Daga wani ɗan kasuwa a Gusau

AMSA: Alhaji, ta fuskar tsawo mita 70 tana cikin iyaka, kuma za ta yi aiki, amma ban ba ka shawarar bin saman katanga ba. Rigar Cat6 ta cikin gida ba ta jure rana, kuma abin da ya fi wannan shi ne tsawa. Ba sai aradu ta faɗa a kan wayar ba. In ta faɗi a kusa, doguwar wayar ƙarfe da ke waje takan ɗauki wuta mai ƙarfi ta kai ta ga na'urorin da ke bakinta biyu, shi ya sa bayan hadari akan wayi gari rauta da na'urar naɗar hotunan kyamara sun mutu tare. Haɗarin yana ƙaruwa idan kowane gini da nasa sandan da aka kafa a ƙasa, ko ɗaya yana kan janareto ɗaya yana kan sola.

Abin da ya fi shi ne wayar gilashi, wadda ake kira faiba. Haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta, kuma mita 70 ba komai ba ce a wurinta, tunda mai sili siriri tana kai kilomita 10. Ana sayar da ita da kawunanta a haɗe, sai a nemi mai sulke, a zura ta a bututu a binne, a sa ƙaramar na'urar da ke juya haske zuwa siginar waya a kowane gefe. A can sashen baƙin sai a sa ƙaramin akwatin rarraba layi mai ba da wutar PoE, daga shi a ja gajerun Cat6 zuwa kyamarori da na'urar waifai. Ka tuna cewa faiba ba ta kai wuta, saboda haka sashen yana buƙatar tasa wutar da ba ta yankewa, in ba haka ba kyamarorin can za su mutu duk lokacin da aka ɗauke.

In kuɗi bai kai ba, a yi amfani da Cat6 ta waje mai baƙar riga, jan ƙarfe zalla, a binne ta a bututu mai zurfin kamar rabin mita nesa da ramin wayar wuta, a sa na'urar kariya daga tsawa a inda ta shiga kowane gini, a haɗa kowace da sandan ƙasa na ginin da gajeriyar waya mai kauri. Tunda za a haƙa rami, a kwantar da bututu na biyu babu komai a ciki sai igiyar ja, domin ranar da za a koma faiba ba sai an sake fasa dandamalin tsakar gida ba.